Jirgin dakon kaya ya fi na fasinja sauƙi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tuƙa jirgin sama na kaya ya fi sauƙi tunda babu fasinja. Wallahi ba haka ba ne. Yawancin tashin matuƙansa cikin dare ne, barci ya rikice, gajiya ta taru, ga nisa da iyali.

Ni dai kayan kansu sun fi ba ni tsoro. A Satumbar 2010 jirgin kamfanin dakon kaya na UPS ya tashi daga Dubai, baturan litiyam da ya ɗauko suka kama wuta, hayaƙi ya turnuƙe ɗakin matuƙa har ba sa ganin na'urorin gabansu, su biyun suka rasu. A 2013 kuma a Bagram, Afganistan, motar soja da aka ɗaure cikin wani jirgin kaya ta kwance ta zame baya lokacin tashi, jirgin ya faɗi, mutum 7 suka mutu.