Amsa ga mai tambayar maganin amai da tashin zuciya

Wa alaikumus salam 'yar uwa, naga tambayarki cewa ƙanwarki 'yar shekara 19 kwana biyu kenan zuciyarta na tashi tana amai, kina neman sunan magani mai ƙarfi da zai tsayar dashi. Allah ya bata lafiya. Na daɗe ina aikin jinya, kuma gaskiya tambayar da zan fara miki ita ce me ya kawo aman, don shi amai alama ce, maganin kuma sanadin yake bi.

Akwai wani waje a ƙasan ƙwaƙwalwa da ke bada umarnin amai, saƙo yana zuwa masa daga hanji, daga jini, daga can cikin kunne, shiyasa maganin da yayi wa mai amai a mota aiki ba lallai yayi wa mai maleriya ba. Toh ki duba, akwai zazzaɓi? gudawa fa? ta sha wani magani kwanan nan? Flagyl, doxycycline, tramadol da ƙwayar ƙarin jini duk suna tada zuciya musamman in ciki ba komai. In matar aure ce a fara gwajin ciki kafin a bata komai, laulayi yakan fara wajen sati 6, kuma wannan bitamin B6 ake fara gwadawa.

Wanda mutane suka fi rugawa su siyo shine metoclopramide, wato Maxolon ko Plasil, kuma shi nafi jin tsoro a kan 'yan mata irin shekarunta da ƙananan yara. Na ga yarinyar da aka kawo wuyanta ya murɗe gefe, idanu sun kafe sama, harshe waje, uwar tana kuka wai farfaɗiya ce, ashe wannan ƙwayar aka yi ta ɗura mata. Allura ɗaya aka mata ta sake, amma wlh tashin hankalin ba kaɗan bane. Ko babba 10mg ne sau 3 a rana iyaka, kuma kar ya wuce kwana 5.

Promethazine, Phenergan ko Avomine kenan, yafi dacewa da aman tafiya da jiri, kafin a shiga mota ake sha ba sai an fara ba, yana sa barci sosai, kuma ba'a ba yaron da bai kai shekara 2 ba. Ondansetron yana aiki ba laifi, shi ake ba masu shan maganin ciwon daji (kansa) da waɗanda aka yiwa tiyata, saidai yana ɗaure ciki kuma shi da wani maganin aman mai suna domperidone suna iya taɓa bugun zuciya, ba na siya kai tsaye bane.

Abinda zaki yi yanzu shine ORS, wato ruwan gishiri da suga na kemis, sacet ɗaya a lita 1 na ruwa mai tsafta, tana kurɓa kaɗan kaɗan, in ta amayar a jira minti 10 a ci gaba. Rashin ruwa ne ke kwantar da mutum ba aman kansa ba.

Amma in kinga jini a ciki ko baƙi kamar garin kofi, ko kore shar, ko ciki ya kumbura ba kashi ba tusa, ko ciwo a ƙasan ciki ta dama, ko wuya ya sanƙare da ciwon kai, ko fitsari ya ɗauke, ko tana da ciwon suga, dan Allah kar a tsaya kemis, asibiti kawai. Ni dai kwana biyun nan ma a ganina ya isa aje a mata gwajin jini.