Amsa: Da wa zan fara jin post-punk?

Ɗan'uwa, kana tambaya ko ka fara da tsofaffin ƙungiyoyin post-punk, wato salon kiɗan rock da ya biyo bayan punk, ko da na yanzu. Fara da tsofaffin. Nemi faifan Joy Division na 1979, Unknown Pleasures, 'yan Mancesta ne. In ya zauna maka a kunne, kiɗan ƙungiyoyin yanzu irin su Fontaines D.C. na Dublin da Idles na Bristol ba zai zame maka baƙo ba.

Sai dai kada ka ji shi ta lasifikar waya. A wannan kiɗa jitar bes ce ke jan ragama, musamman a hannun Peter Hook na Joy Division, ita kuwa waya haɗiye sautin take yi. Ni ma da farko na ɗauka hayaniya ce kawai, sai da na sa iyafis mai kyau cikin dare.