Tambaya da Amsa: Idan Abu Biyu Masu Kyau Suka Yi Karo, Wanne Za a Ɗauka?

Wasiƙun wannan watan sun karkata kan ƙa'idojin rayuwa, wato abubuwan da mutum ya riƙe da daraja har suke juya akalar shawararsa. Masu ba da shawara kan halayyar ɗan'adam da zaɓin sana'a ne suka amsa. Mun sakaya sunayen masu tambaya.

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 36, ina da mata da 'ya'ya uku, mahaifiyata kuma tana hannuna, ba ta da isasshiyar lafiya. An yi mini tayin ƙarin girma a wurin aiki, albashin ya kusa ninkawa, amma sai na koma wani wuri mai nisa, tafiyar yini guda. Duk wanda na tuntuɓa da irin amsarsa. Yanzu ni kaina na rasa abin da nake so. Wani magidanci.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Da tsakanin alheri da sharri ne zaɓin, da ba ka rubuto mana ba. Abin da ya ɗaure maka kai shi ne duka ɓangarorin suna da hujja mai ƙarfi. A 1992 masanin halayyar ɗan'adam Shalom Schwartz, bayan bincike a ƙasashe 20, ya jera manyan ƙa'idoji goma a kan da'ira. Waɗanda suke maƙwabtaka suna tafiya tare, waɗanda suke fuskantar juna kuma suna ja-in-ja. Neman nasara da iko suna gefe guda, kyautata wa makusanta yana ɗaya gefen. Tayin da aka yi maka a tsakiyar wannan ja-in-jar ya faɗo, don haka ruɗanin naka ba rauni ba ne.

Fara da duba inda lokacinka yake tafiya. Mako yana da awa 168. In ka cire 56 na barci da kamar 48 na aiki, saura 64, kuma a cikinsu ne zaɓinka yake fitowa fili. Kowane dare ka rubuta yadda yinin ya tafi, rabin awa rabin awa, har mako biyu. Mako ɗaya ba ya isa, domin a makon farko mutum yakan gyara halinsa saboda ya san yana rubutawa; na biyun ya fi gaskiya. Sai dai lissafin lokaci yana haɗa ƙa'ida da sabo, shi ya sa za ka ƙara da wani abu: lokuta uku a shekara biyar da suka wuce da ka ji ka yi abin alfahari, da uku da ranka ya ɓaci matuƙa. Ɓacin rai mai tsanani yawanci alama ce ta an taka wani abu da kake girmamawa, ko da ba ka taɓa ba shi suna ba.

Daga nan ka fitar da abubuwa shida da ka fi ba daraja, kada su wuce haka. A nan ne mafi yawan mutane suke kuskure: sai su rubuta kalma ɗaya, "iyali", "mutunci", "ci gaba". Kalmar "iyali" ba za ta raba maka gardama ba, domin in ka tafi za ka ce don iyali ka tafi, in ka zauna ma don su ka zauna. Rubuta kowanne a matsayin aiki: "in kasance kusa da mahaifiyata duk lokacin da jikinta ya tashi", "in biya kuɗin karatun yara ba tare da cin bashi ba", "in ga yarana kullum kafin su kwanta". Sai ka gwada su bibbiyu, kana tambaya: in ɗaya kawai zan samu, wanne? Abu shida yana ba da gwaji 15. (In ka kai su goma gwajin ya zama 45, kuma kafin ka kai rabi ka gaji ka fara zaɓen a wuce wurin.) Ƙirga wanda ya fi cin nasara, ajiye takardar, ka sake yi bayan mako guda ba tare da ka duba ta farko ba. Biyu ko uku da suka fito a sama sau biyu, su ne naka.

Sai a koma kan tayin da alƙalami. Ninkin albashi a takarda daban yake da abin da zai rage bayan an riƙe gida biyu da kuɗin zirga-zirga, saboda haka ka lissafa ragowar. Ka tambayi wurin aikin ko za su yarda da gwaji na wata shida zuwa shekara, da kwana nawa za ka samu a gida kowane wata. Wa zai tsaya wa Mama in ba ka nan? A san mutumin, kuma a ji amincewarsa daga bakinsa, kada a tafi a kan "ai 'yan'uwa suna nan". Uwargida ma ta yi nata gwajin ita kaɗai kafin ku haɗa takardu, tunda nauyin rashinka a kanta zai sauka. A ganinmu, in kusanci da mahaifiya ya fito na ɗaya sau biyu kuma babu tsayayyen mai kula da ita, kuɗin ba zai ba ka barci ba. In kuwa bashi ne ke hana ka barci tun yanzu, tafiya da sharaɗin dawowa a rubuce ba cin amana ba ne.

Tambaya: Ina ɗaukar kaina mai gaskiya, amma a ofishinmu ana kawo mini rahoto da alƙaluman da na san an ƙara musu, ina sa hannu. Karon farko ban yi barci ba. Yanzu ko a jikina. Shin gaskiyar tawa dama ta baki ce? Wata ma'aikaciya.

Amsa: Malama, da ta baki ce da ba ki kwana ido biyu ba a karon farko. Abin da ya faru da ke yana da bayani. Masanin halayyar ɗan'adam Leon Festinger ya nuna a 1957 cewa idan aikin mutum ya saɓa wa abin da ya yi imani da shi, yakan ji wani ƙunci, kuma dole ɗaya ya sassauta: ko ya canja aikin, ko ya lanƙwasa imanin. Lanƙwasa imanin ya fi arha, shi ya sa hujjoji suke zuwa da kansu: "kowa haka yake yi", "ba ni na rubuta ba", "ɗan kaɗan ne". Duk sa hannu yana sauƙaƙa na gaba.

Niyya kaɗai ba ta tsayawa a gaban shugaba yana tsaye a kanki yana jira. Abin da ya fi aiki shi ne shirin "idan kaza ya faru, zan yi kaza", wanda Peter Gollwitzer ya yi suna wajen bincikensa. Ki tsara jimlar tun a gida: idan aka kawo rahoton da alƙalumansa ba su dace da takardun asali ba, zan ce "bari in daidaita shi da rasit kafin in sa hannu". Ki furta ta da baki sau da yawa har ta zauna. Jimlar ba ta zargi kowa ba, kuma ta saya miki lokaci. Ki riƙa neman umarni a rubuce, ki ajiye kwanan wata da abin da kika gani. Ki kuma san cewa sa hannu yana ɗora miki alhaki a gaban doka, don haka game da na baya ki nemi shawarar lauya. Wannan tsayuwa tana iya jawo miki tsangwama ko ma ta taɓa aikin. Fara tanadi da neman wata kafa tun yanzu, domin mai tsoron rasa abin hannunsa ne ya fi saurin sa hannu.

Tambaya: Ina shekara ta uku a karatun da mahaifina ya zaɓa mini. Ina ci, amma zuciyata ba ta ciki. In bari ko in ƙarasa? Wani ɗalibi.

Amsa: Ɗan'uwa, raba abu biyu tukuna. Digiri buri ne, ana kaiwa a gama. Ƙa'ida kuwa alƙibla ce, kamar taimakon mutane ko ƙirƙira ko dogaro da kai, kuma hanyoyi da yawa suna bi ta can. Tambayi kanka: da babu wanda zai taɓa sanin abin da na karanta, wanne zan zaɓa? Sannan ka duba ko faranta wa Baba abu ne da kai kanka kake daraja shi, ko tsoron fushinsa ne kawai. Na farkon ƙa'ida ce ta gaske, tana iya riƙe mutum shekaru. Na biyun yakan ƙare da ƙullaci.

Kada "na riga na kashe shekara uku" ta zama hujjarka, domin waɗannan sun tafi ko ka zauna ko ka tashi. Lissafin na gaba ne: shekara nawa ta rage, kuma ƙofa nawa takardar za ta buɗe? In shekara ɗaya ce, galibi ƙarasawa ta fi. Kafin ka yanke, ka ware awa biyar a mako na wata uku kana yin ainihin aikin fannin da kake sha'awa, har da ɓangarensa mai gundura, ka kuma zauna da mutum biyu da suke cin abinci da shi. Da wannan za ka je wa Baba, cikin ladabi, da shiri a hannu.

Tambaya: Abin da nake mutuwar so a shekara 20 yanzu ina 45 bai dame ni ba. Na canja hali ne? Wata mai karatu.

Amsa: Hajiya, wannan abu ne sananne. Bincike kan ƙa'idojin Schwartz yana nuna matasa sun fi karkata ga sabon abu da jin daɗi, manya kuma ga kwanciyar hankali da riƙo da abin da aka saba. Yawanci jerin ne yake sauyawa, na uku ya koma na ɗaya. Ki sake gwajin bibbiyu da muka bayyana a sama sau ɗaya a shekara, amma ban da makonnin farko bayan rasuwa, rabuwa ko rasa aiki. Abin da ya fito a sama a irin wannan lokaci sau da yawa ba ya nan bayan wata uku.