Tsala Ko Kindirmo? Amsoshin Tambayoyinku Kan Biskit Ɗin Amurkawa

Wata mai karatu daga Zariya ta rubuto: "Malam, na ga wani abin gashi na Amurkawa da suke kira biskit, amma dogo ne mai laushi, ba irin namu na kanti ba. An ce da nonon da aka cire wa mai ake kwaɓa shi. Wanne ke nan a wurinmu, madara, kindirmo ko tsala?"

Malama, sunan ne ya zo ɗaya, abin daban. Biskit ɗin da muka sani, busasshe mai ƙaras-ƙaras, ta hannun Ingila ya iso mana, kuma asalin kalmar daga Latin ne, ma'anarta abin da aka gasa sau biyu don ya jure ajiya. Na Amurkawa kuwa, musamman mutanen jihohin kudu irin su Tenesi da Jojiya, ɗan burodi ne marar yis da ake ci da zafinsa, a ɓara shi biyu a shafa bota ko zuma, ko a kwarara masa romo mai kauri da safe.

Maganar nono kuwa, Hausa ta riga ta rarrabe. Madara ita ce wadda aka tatso ba ta yi tsami ba, shi ya sa ake cewa madarar turare, wato tsantsarsa. Kindirmo shi ne madarar da aka dafa, ta huce, aka zuba mata ɗan tsohon nono, ta kwana ta kama, ba a taɓa manta ba. Tsala shi ne abin da ya rage bayan an kaɗa nono an kwashe man shanu. A ma'ana, tsala ne ya yi daidai da abin da kakannin Amurkawa ke kwaɓi da shi. Sai dai wanda suke saye a kanti yau ba ragowar kaɗi ba ne, madara ce mai ƙarancin mai da aka sa wa ƙwayoyin tsami har ta yi kauri. Tsalar kasuwa kuma sau da yawa ta sha ruwa. Don haka ki sami kindirmo marar sukari, ki dama kashi 3 da ruwan sanyi kashi 1. In babu, ki matsa ruwan lemon tsami babban cokali 1 a kofin madara, ki bar shi minti 10. Zai yi aiki, amma ba zai ba da ƙanshin nono ba.

Wani daga Maiduguri ya ce: "Me ake nufi da kanwa uwar gami? Kuma tun da kanwa na kashe tsami, ba za ta maye gurbin bekin soda ba?"

Gami shi ne haɗa abu da wani abu. Kanwa kuwa ba inda ba ta shiga: kunu, ɗanwake, miyar kuɓewa, dahuwar wake, ƙullun waina idan ya yi tsami. Kuma duk inda ta shiga sai ta sauya launi ko ɗanɗano ko yauƙi. Daga nan aka ari maganar aka ɗora wa mutumin da ba a rasa hannunsa a kowace husuma, mai haɗa wannan da wancan ya koma gefe.

Tunaninka bai yi nisa da gaskiya ba, Malam, domin kanwar da ake haƙowa a yankin Tafkin Chadi tana ɗauke da sinadarin da ke cikin bekin soda. Idan irin wannan sinadari ya gamu da tsamin nono sai ya saki iska, iskar ce ke ɗaga kwaɓi. Matsalar kanwa ita ce ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga dunƙule zuwa dunƙule, ga gishiri ga yashi. Ta yi yawa kaɗan, biskit ya yi ɗorawa-ɗorawa ya riƙa ɗanɗanon sabulu. Ita kanta sodar rubu'in ƙaramin cokali kacal ake sawa, don ta daidaita tsamin ta kuma taimaka wa saman ya yi ja. Babban aikin ɗagawa na bekin hoda ne, wadda ke ɗauke da nata tsamin a bushe. Wani mai haɗa magunguna a birnin Birmingham na Ingila, Alfred Bird, shi ya haɗa irinta ta farko a 1843. Kafin ta wadatu, matan waɗancan jihohin kudu na ƙasar Amurka dukan kwaɓin suke yi da taɓarya ko guduma na tsawon lokaci don iska ta shiga, kuma duk da haka ba ya tsawo.

Tambaya ta uku daga Maraɗi take, kuma ita ce mai tsoka: "Na gwada, ya fito a shimfiɗe, ga tauri. Maigida ya yi dariya ya ce kwaɓata ta yi ruwa. Na cuɗa shi sosai kamar na burodi, ina kuskuren?"

Hajiya, kin faɗi kuskuren da bakinki. Amma bari mu fara da maganar maigida. Kwaɓa ta yi ruwa ana faɗinta ne ga wanda shirinsa ya lalace ta yadda gyara zai yi wuya, kamar maginin da ya cika wa ƙasa ruwa. A nan dai bai faɗi daidai ba, don wannan kwaɓin da ɗan danshinsa ake son sa, yana ɗan kama hannu. Wanda ya bushe ne ke tsagewa ya ƙi tashi.

Hausa ba ta haɗa aikin hannu a kalma ɗaya. Tuwo tuƙa shi ake yi, fura damawa, ƙullun ƙosai da na funkaso bugawa, burodi cuɗawa da murzawa. Kowace kalma da abin da take nema. Cuɗa da bugu suna tayar da danƙon alkama, kuma danƙon ne ke sa funkaso ya yi ja-in-ja a baki. Biskit ba ya son danƙo ko kaɗan. Shi ya sa ma Amurkawan jihohin kudu ke son garin alkama mai taushi irin fulawarsu mai suna White Lily. Fulawarmu ta buhu ta fi shi danƙo, to sai a ƙara sassauta hannu. Kalmomin wannan aiki su ne kwaɓawa, dannawa da ninkawa.

Ki auna fulawa giram 250, wato kamar kofi 2, bekin hoda babban cokali 1, soda rubu'in ƙaramin cokali, gishiri ƙaramin cokali 1 da bai cika ba, ki tankaɗe su tare. Bota giram 100 ki sa a firiza har ta sandare, sannan ki goge ta da magogin kuɓewa a cikin garin, ki yamutsa da yatsu sama-sama. Kada ki murje ta ta ɓace, so ake a riƙa ganin ɓarɓashinta. Ki zuba nono mai sanyi mililita 180, ki juya da cokali har garin ya jiƙe, ki tsaya. Ki juye a kan tebur mai barbaɗen gari, ki danna da tafin hannu ya yi faɗi, ki ninka uku kamar wasiƙa, ki juya shi, ki sake dannawa. Sau 3 ko 4 ya isa. Daga ƙarshe kaurinsa ya kai santimita 2 da rabi. In kika sirantar da shi, ba wutar da za ta mayar masa da tsawo.

Wurin yanka ma akwai tarko. Ki sa bakin gwangwani mai kaifi ko wuƙa, ki danna ƙasa kai tsaye ki ɗaga. In kika murɗa, gefen ya liƙe, sai ya tashi a karkace ko ya ƙi tashi sam. Za ki sami kamar guda 6 zuwa 8. Ki jera su a tire suna taɓa juna, ta haka ba su da wurin bazuwa sai sama. Obin ya riga ya yi zafi digiri 220, a gasa minti 13 zuwa 16, kada a buɗe ƙofa a minti 10 na farko. A zafin bazara irin na Maraɗi, ki mayar da tiren firij minti 15 kafin gashi, ko ki yi aikin da asuba. In kuma duk kin kiyaye wannan bai tashi ba, ki zuba rabin cokalin hodarki a ruwan zafi. Ba ta yi kumfa nan take ba, ta mutu.

Ta ƙarshe gajera ce: "Zan iya sa soyayyen man shanu? Kuma in na ninka yawan garin, in bar man yadda yake, tun da ya yi tsada?"

In dambu ya yi yawa ba ya jin mai, in ji Hausawa, wato abu in ya wuce kima, ɗan abin da ake da shi na gyara ba ya isarsa. Kin ninka gari, ki ninka komai. Gara ki yi rabin awo da cikakken mai.

Soyayyen man shanu kuwa ƙanshi zai ba ki, ba tsawo ba. Bota tana da ruwa kusan kashi 16 cikin 100. Ruwan nan ne ke zama tururi a obin ya ɗaga kowane ninki ya raba shi da na ƙarƙashinsa, suya kuwa ta riga ta kore shi. Ɗanyen man shanu, farin nan da Fulani ke kawowa yana iyo a kan nono, shi zai yi. Ki wanke shi da ruwan sanyi sau biyu ko uku don ƙarnin ya ragu, ki matse, ki daskarar da shi, ki goga kamar bota.