An cire ƙarin duka, me ya sa kuma ake maganar shimiyo?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ina rubutowa daga unguwar Zariya a Maradi. An yi wa mahaifina tiyatar ciwon dajin babban hanji, an ce an cire ƙarin duka. A takardar sakamako an rubuta pT3 N0 M0, an duba kaluluwa 8 babu cutar, amma an ga ƙwayoyinta a cikin ƙananan jijiyoyin jini. An ce mataki na biyu ne, to me ya sa ake son yi masa shimiyo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji?

Amsa: Wa alaikumus salam ƴar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Haruffan nan na tsarin TNM ne, wanda likitan Faransa Pierre Denoix ya ƙirƙiro tsakanin 1943 da 1952. Harafin T yana nuna zurfin da ƙarin ya ci a bangon hanji, kuma T3 na nufin ya keta tsokar bangon ya shiga kitsen da ke bayanta, amma bai ɓulla waje ba. N0 na nufin kaluluwar da aka duba babu cutar, M0 kuwa ba a gan ta a hanta ko huhu ko wani sashen jiki na nesa ba. Lalle wannan mataki na biyu ne, kuma da yawa daga masu shi tiyata kaɗai ke warkar da su.

Sai dai mataki na biyu ba iri ɗaya ba ne, kuma abin da aka gani a ƙarƙashin madubin likita shi ke bambanta su. Abubuwa biyu a takardar Baba sun ja hankalina. Ƙa'ida ita ce a duba kaluluwa aƙalla 12, domin idan ba su kai haka ba, akwai yiwuwar wadda ta kamu tana cikin waɗanda ba a samu ba, alhali kaluluwa guda tak da ta kamu ta isa ta mai da cutar mataki na uku. Na biyu, ganin ƙwayoyin cutar a cikin jijiyoyi alama ce cewa ta samu hanyar fita, kuma jinin hanji hanta yake fara nufa, inda ƴan ƙwayoyi kaɗan za su iya ɓuya ba tare da sikana ta gan su ba. Waɗannan ɓoyayyun ake farauta da shimiyo, na tsawon wata 3 zuwa 6.

A ganina shawarar likitocinsa tana da hujja, ko da yake shekarunsa da ƙarfin jikinsa su ma abin dubawa ne. Ki tambaye su ko gefen hanjin da aka yanke ya fita babu cutar, da ko za a iya gwajin MSI, wanda ke duba wani sauyi a ƙwayoyin halittar ƙarin, domin sakamakonsa kan sauya shawarar magani a wannan mataki. Ina roƙonki kada ku jinkirta komawa, saboda an fi son fara maganin kafin cikar mako 8 da tiyata.