Tambaya da Amsa: Kwana a filin gishirin Botswana

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya mai fili. Ni ɗan Kano ne amma aiki ya kawo ni Gaborone, ni da abokaina biyu muna son zuwa Makgadikgadi mu kafa tanti mu kwana a fili ba otal ba, muna da Hilux guda ɗaya. Maiɗakina ta kafe wai zaki zai cinye mu. Don Allah ya abin yake, kuma wane wata ya fi?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce wa uwargida ta kwantar da hankalinta kan maganar zaki, tsakiyar gishirin nan ko ciyawa babu balle abin da zaki zai farauta, namun dajin suna can gefe wajajen kogin Boteti da gandun dajin Nxai Pan. Da ni ce ita, motar nan guda ɗaya zan kafe a kai.

Wurin tsohon tafki ne da ya ƙafe shekaru dubbai da suka wuce, ya bar manyan filaye biyu, Sua da Ntwetwe, fari fat iya ganinka. To saman nan da kake gani busasshe kamar ƙanzon tuwo yake, in ka taka har ƙaras-ƙaras yake yi, amma a ƙarƙashinsa taɓo ne mai santsi, mota na cikin gudu sai kawai ƙanzon ya fashe ta nutse har ciki, kana ba ta wuta tana ƙara tona wa kanta rami, ga shi ba bishiyar da za ka ɗaura igiya, ba sabis a waya, ba mai wucewa. Shi ya sa na ce ku nemi mota ta biyu ko ku ɗauki ɗan jagora daga garin Gweta ko na Nata da ke gefen filin, kuɗin da za ku ba shi bai kai na janyo mota ba wallahi. Ku tafi da shebur da igiyar ja da faifan da ake sa wa ƙarƙashin taya, ku rage iskar taya, ku bi sawun da wasu suka bi. Da ka ga ƙasa ta fara duhu ko sawun tayarka na damshi, tsaya ka koma da baya, ba jarumta a nan.

Lokaci kuwa daga Yuni zuwa Satumba. Daminarsu daga Nuwamba ne zuwa Maris, sannan ruwa ke kwanciya tsuntsayen filamingo su cika Sua, sha'awa kam akwai amma a kalla daga gefe, wajen Nata. Ka dai riga ka san sanyin Yuni da Yuli a ƙasar, to a fili ya fi na Gaborone cizo don ba abin da ke tare iska, da asuba yakan kusa sifili. Bargo biyu-biyu, da man leɓe.

Tunda karon farko ne ku sauka a Kubu, wani tsibirin duwatsu a bakin Sua mai tsofaffin itatuwan kuka, mutanen yankin ke kula da shi, ana biya a kafa tanti. Ta Letlhakane za ku bi ku wuce Mmatshumo, a Letlhakane ɗin ku cika tanki da jarkoki. Ruwa babu a Kubu ko ɗigo, ku lissafa aƙalla lita 5 kowane mutum kullum, ku ƙara na kwana biyu a kai, itacen girki ma ku taho da shi. Cikin gandun gwamnati kuma ba a yada zango inda aka ga dama, sai da bukin, wato a kama wuri tun kafin a je. Abu ɗaya da mutane ke rainawa, in za ka zaga da dare bar fitila a kunne a bakin tanti, ko'ina iri ɗaya ne, ka yi taku ɗari ka juya sau biyu shikenan ka rasa inda ka fito.

TAMBAYA: Yaya, daga Agadas nake. Wannan fili irin na Bilma ne? Kuma mutum zai iya taimama da gishirin in ruwa ya yi ƙaranci?

AMSA: A'a ɗan'uwa, sun bambanta. Na Bilma ramuka ne ake tara ruwan gishiri rana ta ƙafar da shi, a zuba a yi kantu, ayarin raƙuma su ratso Tenere da shi. Na Botswana shimfiɗe yake, wani kamfani ne ma ke haƙo ruwan ƙarƙashin Sua yana fitar da gishiri da wani dangin kanwa. Taimama kuwa, a Malikiyya ta halatta a kan gishirin da ke wurinsa ba a ɗebe shi ba, ka ga nan ba matsala. Sai dai ku kula da alƙibla, a can in ka fuskanci mafitar rana ka kauce, arewa za ka kalla ka ɗan karkata dama kaɗan.