Ruwan damina zai iya kai gida ƙarshen rani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gina gida a gonata da ke wajen gari a yankin Bichi, inda babu famfo kuma babu wutar lantarki. Sau biyu muna haƙa rijiya muna tarar da dutse, ga kuɗin 'yan garuwa ya fara fin ƙarfina saboda nisa. Mu takwas ne a gidan, rufinmu na kwano ne mai tsawon mita 10 da faɗin mita 8. Shin zan iya tara ruwan sama da zai kai mu ƙarshen rani, kuma wane irin ma'aji ya kamata in gina don kada ruwan ya lalace?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Rufinka zai iya ba ka ruwa fiye da yadda kake zato, amma wahalar tana wajen ajiye shi tsawon wata bakwai ba tare da ya ƙare ko ya gurɓace ba, don haka da lissafi ya kamata a fara kafin a sayi ko buhun siminti ɗaya.

Ƙa'idar ita ce, duk milimita ɗaya na ruwan da ya sauka a kan murabba'in mita ɗaya yana ba da lita ɗaya. Rufinka murabba'in mita 80 ne, kuma filin da rufin ya lulluɓe a ƙasa ake aunawa, ba gangaren kwanon ba. Idan muka ɗauki milimita 700 a shekara, wanda adadi ne na taka-tsantsan ga ƙasar Kano, ruwan da zai sauka a rufin ya kai lita 56,000. Ba duka ne zai shiga ma'aji ba, domin wani zai fantsama, wani zai tsallake indararo idan an yi ruwa da iska, wani kuma da gangan za ka zubar da shi. Shi ya sa ake ɗaukar kashi 80 cikin ɗari ga rufin kwano, abin da zai bar maka kusan lita 44,800. Wanda yake Damagaram, inda ruwan shekara yake kusan milimita 400, da irin wannan rufin ba zai samu abin da ya wuce lita 25,000 da 'yan kai ba.

Sai a dubi buƙata. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 20 ga mutum ɗaya a rana a matsayin mafi ƙarancin abin da zai ishe shi sha da girki da ɗan tsafta. Ku takwas, lita 160 ke nan a kullum, wato jarka shida da ɗoriya mai cin lita 25. Daga tsakiyar Oktoba zuwa tsakiyar Mayu akwai kwana kusan 210, saboda haka ma'ajin da zai ɗauke muku komai a rani sai ya ci lita 33,600, ban da dabbobi. Wannan rami ne zagayayye mai faɗin mita 4 da zurfin da ya kusa mita 3, kuma aiki ne mai cin kuɗi sosai. Amma idan sha da girki kaɗai ka ware, a kan lita 5 ga kowane mutum, lita 8,400 ta wadatar. Shawarata ita ce ka fara da ma'aji mai cin lita 10,000 na sha da girki, ka ci gaba da nemo ruwan wanki da wanka daga inda ka saba, in hali ya samu ka ƙara na biyu. Ma'aji biyu matsakaita sun fi ƙato guda ɗaya, domin ranar da ɗaya ya tsage ko aka buƙaci wanke shi, gidan ba zai wayi gari babu ruwa ba.

Dangane da irin ma'ajin, tankin roba shi ne mafi sauƙin kafawa, sai dai ka zaɓi baƙi ko wanda haske ba ya ratsa shi, saboda gansakuka da haske take rayuwa. Ka yi masa rumfa don zafin bazara, ka kuma ɗora shi a kan dandamalin siminti mai laushin fuska wanda ya tallafi gindinsa gaba ɗaya. Mutane suna mantawa cewa lita ɗaya kilo ɗaya ce, tanki mai lita 5,000 idan ya cika tan biyar ke nan, kuma tsinin tsakuwa ɗaya a ƙarƙashinsa ya isa ya huda shi a hankali. Ma'ajin ƙarƙashin ƙasa ya fi sanyaya ruwa kuma ya fi daɗewa, amma ya fi son magini wanda ya san aikinsa. Zagayayye ya fi mai kusurwa ƙarko, domin tsagewa daga kusurwa take farawa, kuma mai faɗin mita 2.5 da zurfin mita 2 zai ci kusan lita 9,800. A yi filastar ciki da awo ɗaya na siminti da awo uku na yashi mai tsafta, a riƙa ba ta ruwa safe da yamma har mako biyu. A nan ne yawancin aiki yake lalacewa: ana gama shafe sai a bar shi ga rana da iskar hunturu, ya bushe da gaggawa, ya yi 'yan tsagu siraran da ido ba ya gani sai ruwa ya fara raguwa ba a san ta inda yake bi ba. Tunda ka ce akwai dutse a filinka, kana iya nutsa rabin ginin a ƙasa ka bar rabi a sama. Ka nisanta shi da masai da aƙalla mita 15, mita 30 ta fi in fili ya ba da dama, ma'ajin ya kasance a tudu, masai kuma a gangare, kuma kada ka gina kusa da darbejiya, don saiwarta tana bin danshi har ta fasa bango.

Abin da ya fi komai tasiri ga tsaftar ruwan shi ne abin da ka hana shiga tun farko. Wata bakwai rufin yana tara ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye da na ƙadangaru da busasshen ganye, saboda haka ruwan farko da na biyu na damina a bar su su wanke rufin su zube a ƙasa, bayan an share indararo. Bayan haka ma, duk lokacin da aka yi kwanaki ba a yi ruwa ba, a karkatar da abin da ya fara saukowa, kimanin lita ɗaya ga kowane murabba'in mita, wato lita 80 a rufinka. Wasu suna yin haka da hannu, su kautar da bakin bututu su mayar bayan 'yan mintoci, amma ruwanmu sau da yawa da tsakar dare yake zuwa, kuma babu mai tashi ƙarfe biyu na dare don juya bututu. Ya fi kyau a saka ƙaramin duro a kan hanyar ruwan, yadda sai ya cika tukuna ruwa zai wuce zuwa ma'aji, a yi masa 'yar ƙofa a gindi da za a riƙa buɗewa bayan ruwa ya ɗauke. Indararon ya riƙa gangarawa da kimanin santimita ɗaya a kowace mita don kada ruwa ya kwanta a ciki.

Kowace kafa ta ma'ajin tana buƙatar raga mai ƙananan ido, har da bututun da yake fitar da rarar ruwa idan ya cika. Na taɓa duba wani ma'aji da masu gidan suka ce ruwansa ya fara wari a watan Janairu, murfinsa a kulle, mashigar ruwan da ragarta, komai tsaf. Da muka haska tocila sai ga mushen ɓera yana yawo a saman ruwa, ya shigo ta bututun rara da aka bari a buɗe a bayan gini, kuma dole aka zubar da ruwan rabin rani. Ragar ce kuma take hana sauro yin ƙwai a ciki. Murfi ya zama mai nauyi da kwaɗo saboda yara. Kada a riƙa zura guga, domin igiya da guga su ne suke kwaso dattin ƙasa su kai cikin ruwa. Famfon hannu ko ƙaramin famfo mai aiki da hasken rana ya fi, kuma bakin bututun ɗiba ya tsaya kamar taƙi ɗaya sama da gindi, inda laka take kwanciya.

Duk da wannan kulawa, ruwan da za a sha a tafasa shi har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa masa maganin kulorin bisa awon da aka rubuta a jikin kwalinsa a jira rabin awa, musamman saboda ƙananan yara da ke saurin kamuwa da gudawa da taifod. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Idan ruwan sabon ma'aji ya yi ɗanɗanon siminti, a yi wanki da cikon farko, na biyu zai gyaru.

A wanke ma'ajin sau ɗaya a shekara, a ƙarshen bazara lokacin da ruwan ya ja baya. A buɗe murfin ya sha iska na sa'o'i kafin kowa ya shiga, mai shiga ya ɗaura igiya a ƙugu, wani babba yana tsaye a baki, kuma ko kusa kada a kunna janareta ko injin ja ruwa mai amfani da fetur a cikin ramin ko a bakinsa, domin hayaƙinsa yana taruwa a ƙasa ya kashe mutum kafin ya iya kiran taimako. Game da lokacin gini kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya: ka fara haƙa a watan Fabrairu ko Maris, ka sayi ruwan da za a ba filasta ka sa shi cikin kasafin aikin, yadda ma'ajin zai gama ƙwari kafin hadarin farko na watan Mayu.